Hoton Watan Baffa

Har yau in na ji ƙaurin tattakar shinkafa da aka sa wa wuta bayan girbi, Baffa nake tunawa, ƙanen mahaifina, tsohon malamin kimiyya a Haɗeja. Yana da madubin hangen nesa, wani bututu mai kaurin turmi, da babban madubi a gindinsa. In ka sa ido, wata zai fito maka tas, har da ramukansa. Amma ranar da ya ɗaura masa kyamara, sai ga wani farin abu kamar furar da ta jiƙe.

A lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, shi ya sa yake gaggawa. Ni ce idonsa, ina 'yar shekara sha ɗaya. Da la'asar mukan saita bututun kan wata giginya can tsallaken fadama, ina leƙawa ta kyamarar, shi yana murɗawa. Sai abin murɗawar ya ƙure, ganyen bai fito ba.

"Saura ƙiris, Uwata," yakan ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Hasken yana haɗuwa tun kafin ya iso kyamarar."

Damina guda ya yi yana nazari. Da kaka ya sayo dogayen noti wajen masu gyaran injin ban ruwa, muka ɗago babban madubin da faɗin yatsa biyu. Ni na zura su, don ba ya ganin ramukan notin.

Bayan magariba wata na sama, ya murɗa a hankali.

"Tsaya, Baffa! Ya fito!"

Ya sa idonsa, ya daɗe. Sannan ya ce, "To, danna."

Da aka wanko hoton daga Kano, ya kai shi har bakin hancinsa, ya karkata shi wajen haske, ya miƙo mini.

"Faɗa mini abin da ke ciki."

Na faɗa masa. Bai sake fito da bututun ba. Ambaliyar da ta ci ɗakinsa bayan rasuwarsa ta tafi da hoton.

Bara na kai mahaifiyata aka cire mata yanar ido irin ta Baffa a nan cikin gari. Da safe muka shiga, kafin azahar an sallame mu. A cikin a-daidaita-sahu na yi ta kuka, ita tana zaton na murna ne.