Lita Biyu da Gwiwar Hajja Amani

A Madinat Nasr, in ka tambayi Bahaushe wa zai kai ka asibiti ko kasuwar Ataba ba tare da an yi maka wayo ba, sunan Malam Badamasi zai faɗa maka. Karatun hadisi ne ya kawo shi Alƙahira yana saurayi. Karatu ya fara nisa sai aure ya zo, sai 'yarsa Ummi ta zo, sai tuƙi ya zo, digirin kuwa har yau yana hanya. Abu ɗaya dai ya riƙe daga makaranta: ba ya faɗin magana sai ya san daga bakin wa ta fito. Ko kankana zai saya sai ya tambayi mai ita wa ya shaida masa tana da zaƙi. Da wannan sunan yake cin abinci. In Malam Badamasi ya ce likita kaza ya iya aiki, ba a sake tambaya.

Ya daɗe yana tuƙa Madam Naomi, ma'aikaciyar ofishin jakadanci, 'yar Zonkwa mai yawan dariya da rashin mantuwa. Da ta so sayen jif don kai yaranta yashin Fayyum, shi ya nuna mata irin wadda ke shan fetur kuma ake jona mata caji. Takardarta ta ce lita biyu a kilomita ɗari.

"Madam, isnadin lambar nan ingantacce ne," in ji shi. "Kamfani ya faɗa, masu gwaji sun gwada, takarda ta ruwaito."

Ta saya. Motar tana kwana a unguwarsa, shi ke zuwa ɗaukar Madam. Wata bai cika ba allon mota ya tsaya a kan lita goma sha ɗaya ya ƙi sauka.

"Malam Badamasi, mota ka sa na saya ko raƙumi?" ta ce wata rana a layin gidan mai. "Ba na zarginka da komai. Amma kai ka ce biyu. In ban ga biyun nan da idona kafin tafiyar Fayyum ba, motar ta koma kasuwa, kuma duk wanda ya tambaye ni a ofis zan ce ashe Malam ma yakan faɗi abin da bai sani ba."

Motar ta koma kasuwa bai dame shi ba. Ƙarshen maganar ne ya hana shi gama kosharinsa, dafa-dukan shinkafa da taliya na Masar.

Matarsa Mardiya ce ta fara ganin bakin zaren, ranar da take kwashe kayan cefane daga but.

"Baban Ummi, wannan baƙar igiyar da har yanzu take cikin ledarta, ta shanya ce? In ba ka so ka ba ni."

Wayar caji ce. Tun da aka sayi motar bai taɓa jona ta ba. Ya koma ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin lambar. Biyun nan tana da sharaɗi: batir a cike, hanya shimfiɗaɗɗiya, tafiya a hankali, ba sanyin mota. Shi kuwa wata guda yana yawo da mataccen batir mai nauyin buhunan shinkafa, injin fetur na ja.

"Innalillahi," ya ce. "Na haddace matani na bar sharhi."

Gidansu a hawa na uku yake. Mai gyaran wuta ya haɗa masa waya mai kauri, Mardiya ta sa bakin wayar a sabat, kwandon da take zurowa da igiya daga baranda in mai burodi ya zo, ta zuro masa har titi. Makwabta suka leƙo suna kallon yadda ake shayar da mota daga sama.

Sai dai layinsu layin Alƙahira ne. Wanda bai samu gefen titi ba yakan ajiye motarsa a sahu na biyu, ya bar giya a firi, ya saki birkin hannu. In na ciki zai fita, Am Ya'ƙub, mai kula da motocin layin, ya sa kafaɗa ya tura ta gaba ko baya kamar yana gyara kujeru a falo. Motar Malam Badamasi a sahu na biyu take. Mota mai shan caji kuwa kulle ƙafafunta take yi.

Da safe ham ya cika unguwa. Ya leƙo ya ga Am Ya'ƙub ya juya baya ya dafe motar, shi da mai guga da wani malamin makaranta mai taye, jijiyoyin wuya sun tashi, ita ko gezau.

"Ya Sheikh!" Am Ya'ƙub ya ɗaga kai yana haki. "Tun ina da gashi nake tura motoci. Na tura ta janar, na tura ta alƙali. Wannan 'yar gidan wa ce?"

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Am Ya'ƙub, tana cin abinci ne."

"To ta ci a gidan ubanta!"

Haka aka yi ta yi. Ya jona, a kira shi, ya sauko ya cire, ya matsa, ya hau. Shi ya rame, batir bai cika ba. Dole sai wurin gefen titi da ke daidai ƙarƙashin barandarsa. Wurin kuwa na Hajja Amani ne, tsohuwar da ke hawa na ɗaya. Motar marigayi mijinta ce a wurin, lulluɓe da tanti, tayoyi sun kwanta, kyanwoyi sun yi jikoki a ƙarƙashinta. Ba wanda ya taɓa ganin ta motsa, ba kuma wanda ya isa ya ce ta motsa.

Ya sa farar jallabiya, ya sayi basbusa, alkakin Misirawa, ya ƙwanƙwasa. Ta ba shi shayi, ta saurare shi har ƙarshe, ta cinye basbusar.

"Ya ibni, ɗana, motar Hajj ce. Tun da ya rasu ba wanda ya kai ni ko kasuwa, sai ita take kallona ina kallonta." Ta dube shi ta gefen ido. "Taka tana da kujera mai laushi?"

Nan aka ƙulla. Zai samu wurin, ita kuma kullum da safe kafin ya tafi aiki zai kai ta inda take so. Da aka zo ture tsohuwar motar zuwa ƙarshen layi, ta tafi sumul a kan kwantattun tayoyinta. Am Ya'ƙub ya shafa bayanta ya harari jif. "Ka ga mota mai tarbiyya."

Hajja Amani ba ta zuwa nesa. Kasuwar kayan miya, likitan gwiwa, gidan 'yarta Arwa, duk a cikin unguwa. Sanyin mota yana taɓa mata gwiwa, don haka a kashe. In ya ɗan taka, sai ta dafe ƙofa: "Bi-raha, a hankali! Gawa ka ɗauko?" Malam Badamasi yana gumi yana rarrafe, masu ƙananan bas suna zaginsa ta taga, sai ya lura da allo. Ya goge tsohon lissafi, sabon yana ta sauka. Ashe masu gwajin can, ko su waye, irin tuƙin Hajja Amani suka yi.

Ranar da allo ya nuna ƙasa da biyu, bai ko sauke ta ba. Ya wuce da ita gidan Madam Naomi, tana gaba da damin molokhiyya, wato lalo, a cinya.

Madam ta leƙa allon, ta cire tabarau ta goge ta sake leƙawa.

"To, Malam, na janye. Yalla, Juma'a sai Fayyum. Ai ko rabin tanki ba ma buƙata."

Da ya yi shiru da shi ke nan, ya ci. Ya shafa gemu.

"Madam, wannan biyun ta Hajja ce. Ta Fayyum daban. Batir zai ƙare kafin mu bar Giza da nisa, daga nan fetur ne, ga yashi, ga sanyi saboda yara. A cika tanki."

"Lita nawa?"

"Ban sani ba. Ba wanda ya ruwaito mini. Sai na je na gani."

Ta dube shi, ta dubi tsohuwar da ke tsinke ganye hankali kwance a kujerarta, ta fashe da dariya har ta dafa ƙofa.

"Wato jif ɗin sahara na saya don makwabciyarka ta je sayen ganyen miya!"

An je Fayyum, da Hajja Amani, don ta ce sharaɗin bai ware Juma'a ba. A kan tudun yashi tana ihun "bi-raha", yara suna ihun a ƙara, allo ya haura goma sha uku. Motar ba ta koma kasuwa ba. A ofis kuma, duk wanda ya tambaya, Madam Naomi takan ce maganar Malam gaskiya ce, amma a jira ya kai ƙarshenta.

Mai kankanar layin ne dai ya shiga uku. Yanzu in ya rantse tana da zaƙi, sai Malam Badamasi ya ƙwanƙwasa ta, ya ce, "Na yarda. A wane sharaɗi?"