Ranar da Aka Sace Muryar Malam Haliru

Shekara talatin ke nan da muka kai yayana Malam Haliru makwancinsa a Tambuwal. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru, don shi kansa ba mai son a yi ta yabon mamaci ba ne. Bana shirun ya gagare ni. A kakar da ta wuce wasu da ba mu san fuskarsu ba sun sa shi ya yi magana, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba yana raye, kuma mutane sun gaskata.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane yadda aka yi. A shekarun da aka yanke Jihar Sakkwato kuɗin mai sun shigo ƙasa, ma'aikata suka sami ƙarin albashi, kowa ya haukace da saye. Wani babur, wani agogo mai walƙiya, wani ya ƙara aure. Ni a lokacin ina koyarwa a firamare a Kebbe, sai na sayi babur da rikoda mai cin kaset. Duk ƙarshen mako nakan hau babur in zo gida, in tarar da Malam a zaure bayan la'asar yana ba da karatu, manoma da 'yan kasuwa da makiyaya sun kewaye shi. Ranar da na fara ajiye rikodar a gefen buzunsa ya dube ta ya dube ni, ya ce, "Ƙane, wagga aba ba ta da kunya. Abin da anka zuba mata shi taka amayarwa, ko ga wa." Muka yi dariya. Da ƙyar ya yarda, shi ma don tsofaffin matan unguwa da ba sa iya zama a zaure. Daga nan duk karatun da aka ɗauka ni na danna, ni na juya kaset, ni na rubuta sunan littafin a bayansa.

Abin da mutanen kudancin nan suka fi tuna shi da shi ba karatun zaure ba ne. Kowace kaka, da zarar an fara yankan gero, nakan goya shi a babur mu bi wannan muguwar hanya har Fakku. Can zai zauna tsakanin manoma da Ardo Juli, shugaban rugar da ke bayan gari, a tsayar da ranar da shanu za su shiga gonaki su ci kara su bar taki. Idan an yi ɓarna shi ke kiyasta ta, kuma ban taɓa ganin wanda ya tashi daga gabansa yana ƙunƙuni ba. Yana da karatu guda a kan haƙƙin maƙwabci wanda ya yi ta maimaitawa har muka haddace. Har ya rasu ƙwaryar nono ba ta yanke daga rugar Ardo zuwa gidanmu ba.

Bayan rasuwarsa kaset ɗin suka zauna a akwati, wasu har sun fara cinyewa. 'Yarsa Luba, wadda ke riƙe da makarantar Islamiyyar gidan, ita ta sa aka juye su cikin waya, ta buɗe zauren hira na tsofaffin ɗalibansa a wayar, kullum ta saka karatu ɗaya. Zauren ya cika har da mutanen Sanyinna da Fakku da 'ya'yan ruga masu waya. Na yi murna ƙwarai, na ce ga Malam ya koma karantarwa.

Wata safiya wani ya kira Luba. Ya yi sallama cikakkiya, ya gaishe ta da gida da ɗalibai, ya yi wa Malam addu'a mai tsawo har muryarsa na rawa. Ya ce shi jikan wani ɗalibin Malam ne da ke zaune a wata ƙasa, suna shirya saukar Alƙur'ani ta waya don cikarsa shekara talatin, za a turo mata lambar shiga taron, ta karanto masa ya sa sunanta a sahun gaba. Lamba ta shigo, ta karanta masa. Kafin ta ajiye wayar an fitar da ita daga zauren da ta gina da hannunta. Ashe lambar ita ce mabuɗin asusunta na hira a waya.

Na ji masu cewa ta yi sakaci. Ni ban ga sakacinta ba. A gidan da muka tashi, wa zai ce wa mai yi wa ubansa addu'a ya kawo shaida? Tarbiyyar da Malam ya ba ta ita suka bi suka shiga. Waɗannan mutane ba sa fasa ƙofa, sai sun zauna sun karanci mai gida, sun san abin da yake jin kunyar ƙi, sannan su zo masa ta nan.

Muka zauna jiran a fara roƙon kuɗi da sunanta, kamar yadda aka saba yi wa mutane. Shiru. Karatu ya ci gaba da fitowa kullum a kan lokaci, har waɗanda muka gargaɗa suka ɗauka an gyara matsalar. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro, domin ɓarawon da ya shiga gidanka bai ɗauki komai ba, akwai abin da ya zo nema wanda ya fi kaya. Daga baya wani abokina da ya yi aikin sadarwa har ya yi ritaya ya bayyana mini cewa abin hawa-hawa ne. Akwai ƙananan ɓarayi masu satar asusu su sayar, kamar dillalan awaki. Akwai masu saye, kuma a cikinsu akwai ƙungiyoyin da wasu gwamnatoci ko wasu masu ƙarfi ke ciyarwa, aikinsu shi ne neman inda jama'a ke da tsohon miki su sa yatsa. Ya ce da muryar mutum ta ɗan lokaci kaɗan na'ura za ta koyi maganarsa, balle wanda aka ba ta karatun shekaru. Wane ne a cikinsu ya faɗo mana? Har yau ba mu sani ba, kuma ba na jin za mu sani.

Ana tsakiyar yankan gero sai sabon karatu ya fito. Muryar Malam ce, da ɗan tarin da yake yi kafin ya ja aya, da yadda yake jan "to" idan zai yanke hukunci. Har carar zakaran gidanmu da ke shiga kaset ɗin da, sun sa. A ciki yana cewa duk wanda ya sayar wa mutumin ruga hatsi ko gishiri, ko ya bar shanunsa suka shiga gonarsa, ya ci amanar Musulmi. Na saurara da kunnena. Na san ƙarya ce, tunda babu karatun da aka ɗauka ba ina zaune ba, amma duk da haka jikina ya amsa, yayana ne nake ji.

Kowa ya san halin da dazukanmu ke ciki a 'yan shekarun nan, zukata a cike suke, neman dalili kawai ake yi. Kafin kasuwar Kebbe ta ci, karatun ya gama wayoyi. Ranar kasuwa aka ƙi sayar wa matan ruga gero, aka kifar da ƙwaryar wata, rigima ta tashi, aka fasa wa wani makiyayi kai. Mun bi masallatai, ni da Luba da manyan ɗalibai, muna rantsuwa cewa ba Malam ba ne. Wani dattijo da ya yi karatu a zauren ya dube ni ya ce, "Malam ƙarami, mu da kunnenmu munka ji." Mun taso ana gaya mana ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya, a idona.

Buba, ɗan marigayi Ardo Juli, wanda yanzu shi ma ya yi furfura, ya zo har zaure. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye wayarsa a kan tabarma ya ce, "Baffa, na san ba shi na ba. Amma yaranmu ba su san shi ba, muryag ga kaɗai sunka sani." Da aka gama kaka na sa aka kai ni Fakku don in ƙara ba su haƙuri. Na tarar da turaku da toka, rugar ta tashi.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga wannan zamani. Ba na jin zai tsaya tsine wa waya, ba halinsa ba ne. Ina jin mamakinsa zai fi yawa a kan ɗalibansa, yadda mutumin da ya ga an goya shi a babur shekara da shekaru zuwa ruga zai yarda cewa ya faɗi wannan magana don kawai an ji tarinsa. Shi ya koya mana cewa magana zarar bunu ce, amma a zamaninsa mai maganar ne ke zarowa. Yanzu wani ne can a wata uwa duniya zai zaro ta a rufin ɗakinka, kai kana kabari, a ce kai ne.

To me ya rage na Malam Haliru? Makarantar tana nan, yara na karatu. Akwai manoma a Fakku da suka ƙi bin karatun ƙarya, suka ce wanda suka sani ba zai faɗi haka ba, kuma ina ganin waɗannan su ne gadonsa na gaskiya, ko da ba su da yawa. Muryar kuwa, wadda na ɗauka ita ce abin da na tsare masa, ta zama abin tuhuma. Ko karatunsa na ainihi aka saka yanzu sai an tambaya.

Matarsa Inna Hajo tana raye, ido ya tafi, kunne garau. Tun muna matasa take tsokanata da wasan ƙanen miji, amma tun da abin nan ya faru ta daina. Ranar da ya cika shekara talatin na je gaishe ta, ta ce in sa mata karatun haƙƙin maƙwabci. Na ɗauko tsohon kaset ɗin kansa, ba na waya ba. Ta saurara jim kaɗan, sai ta ɗaga hannu.

"Wanga shi na, ko nasu?"

Na ce shi ne, Yaya, ni na ɗauka da hannuna.

Kaset na ta juyawa. Can ta ce, "Ni da niz zauna da shi, yau sai an yi mini shaida kafin in gane muryatai. Kai kaɗai kar rage da kas san wane na nashi. In ka bi shi fa?"

Ni kuwa na haura saba'in da daɗewa. Allah ya jiƙan Malam, ya sa abin da ya faɗa da bakinsa kaɗai za a tambaye shi.