Tudun da Kim-hong Ta Fasa

A layinmu na birnin Tainan, tun daga kantin magani har haikalin da ke ƙarshen titi, mutum zai yi tafiyarsa ana tsuga ruwa bai jiƙe ba. Benen kowane gida ya turo waje ya yi wa hanyar ƙafa rumfa, ƙasa kuma shago ne, rumfar wannan ta haɗe da ta wancan. Ban san wanda ya fara wannan dabara ba, amma ina ƙaunarsa. Dogayen gidajen gilashin da ake ta kafawa a bayan tasha kuwa, ko inuwar da kare zai kwanta ba su bar wa mai wucewa ba.

Sai dai kada in cika yabo. Rumfa kanka take tsare maka, gwiwarka kuwa sai ta ji a jikinta. Kowa na da ikon bi ta ƙarƙashinta, amma daɓen na mai gida ne, don haka kowa ya ɗaga nasa yadda ya ga dama. Ka hau, ka sauka, ka kauce wa babur, ka sake hawa. Ni da nake ɗinki a layin nan tun ina budurwa, babu matakalar da ban zaga ba, kuma wadda ta fi shan zagina ita ce ta Ang Kim-hong, mai madarar waken soya da wainar ƙwai.

A-so muke ce mata, yadda ake kiran matar yayan mutum a yarenmu, ko da yake mijin ya daɗe da rasuwa. Gajeruwa ce, amma idan ta yi magana har mai kantin magani sai ya ji. Daga ƙauyen masunta aka kawo ta amarya. A daminarta ta farko guguwar teku ta zo, ruwa ya cika titi ya shiga shago ya jiƙa buhunan wake kaf. Ta zauna ta sha kukanta, ta share hawaye, ta sa mijinta ya ɗaga daɓen ƙofarsu da tsawon tafin hannu ɗaya.

Ruwan da ya rasa hanyar shagonta sai ya nufi na maƙwabcinta, Teng Chun-seng mai yanka makulli, wanda yanzu duk layi ke kira A-pek, wato baffa, saboda furfura. Shi ma ya sayo siminti ya ɗaga nasa ya ɗara nata kaɗan. Ta ƙara. Ya ƙara. Haka suka yi ta yi har 'ya'yansu suka girma suka yi aure. Duk da haka ba a taɓa wayar gari ba A-pek bai hau tudun nan ya zauna a teburinta na jikin ginshiƙi ba.

"Ke Kim-hong, wannan madara ce ko ruwan wanke tukunya?"

"To ajiye mana! Wa ya aiko ka? Tsoho sai baki, ga ciki kamar tulu."

"Ƙaro wainar dai. Na gaji da hawan dutsen nan naki, yunwa nake ji."

Da wannan faɗan muke sanin gari ya waye. Ni kam ba na kunna rediyo sai sun gama.

Wata shekara ma'aikatan birni suka zo da albishir, za a daidaita daɓen rumfunan layi duka a kyauta, don masu sanda da masu tura keken jarirai. Kowa ya yarda, har da A-pek, wai shi ya gaji da sayen siminti. A-so kuwa ta yi tsalle ta dire. Ta fito da ludayi a hannu ta ce wa jami'insu, "Ranar da ruwa ya shigo, kai za ka zo ka kwashe min?" Mutumin ya yi ta lallashi, ta yi kunnen uwar shegu da shi. Aka daidaita layi sumul aka bar nata shi kaɗai, tsayinsa ya kai gwiwa, da matakala ta kowane gefe. Na fi wata ba na gaishe ta da kyau saboda haushi, ita kuwa ko a jikinta.

Bara ne A-pek ya faɗi a shagonsa, ɓarin jikinsa ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, 'yarsa Siu-bin ta dawo da shi a keken guragu. Tsakanin ƙofarsa da teburin nan bai wuce a miƙa hannu a karɓi kofi ba, amma keke ba ya hawa tudu. An gwada jingina katako, gangaren ya yi tsaye da yawa, keken ya kusa kifewa da shi. Sai ya zama kullum da safe A-so ce ke sauko masa da madara. Ya karɓa da hannunsa mai lafiya, ya sha, ya ce, "Na gode."

Rannan A-so ta zo shagona ranta a ɓace. "Kin ji abin da ya ce min? Wai ya gode! Tunda nake da mutumin nan bai taɓa gode min ba. Jiya da gangan na cika wa wainar gishiri, ya cinye bai ce uffan ba."

Na ce mata ai da ma Siu-bin ta faɗa min za ta tafi da shi gidanta na birnin Kaohsiung, can saman wani dogon bene mai na'urar hawa, tunda a nan ma zaman shiru yake yi yana kallon bango. Duk mun san irin zaman can. Tsohon da aka kai sama, sai dai ya riƙa hango gari ta taga. A-so ta ɗauki ƙafa ta fita.

Washegari shagonta bai buɗe ba, abin da ban taɓa gani ba. Sai ƙara muka ji. Muka fito muka tarar da ita da gudumar da ta aro wurin maginin layinmu, ta ɗaure kai da tawul tana dukan tudun nan. Gudumar ta fi ƙarfinta, tana ɗagawa tana tangaɗi. Da gefen ya ɓalle sai ga daɓe kan daɓe a jere, koren tayil a ƙasa, ja a samansa, siminti tsura a kai. Mai kantin magani ya nuna jan ya ce wannan na shekarar da aka haifi ɗanta ne, ya tuna don shi ya zame a kai.

A-pek na zaune a kekensa a bakin ƙofa yana kallo. Can sai muka ji muryarsa, a karkace amma a fili.

"Ke, ba haka ake riƙe guduma ba. Kamar mai kaɗa ƙwai!"

A-so ta tsaya cak. Na ga idonta ya kawo ruwa, ni ma nawa ya kawo. Ta juyo ta ce, "To taso ka nuna min mana, malalaci!"

Layi ya kwashe da dariya. Magini ya karɓi gudumar, samari suka kawo baro, mata muka kwashi ɓaraguzai da bokiti. Kafin mako ya zagayo daɓenta ya yi daidai da na kowa. Siu-bin ta turo mahaifinta har jikin ginshiƙi, ta tsaya ta ji ya kushe madara, ta ji an rama masa, ta koma Kaohsiung ita kaɗai. Ni ma gwiwata ta huta, amma ban faɗa wa A-so ba, kada kanta ya kumbura.

Da daminar bana guguwa ta zo irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Da safe na leƙa, ruwa ya haye daɓen layi duka ya shiga shagon A-so har idon sawu. Buhunan wake ta riga ta ɗora su kan benci. Tana tsaye cikin dogon takalmin roba tana kwarfar ruwa da roba, tana zagin guguwa, tana zagin teku, tana zagin ma'aikatan birni. A-pek na teburinsa, ruwa na bi ta ƙarƙashin tayoyin kekensa, yana dariya har kofi na rawa a hannunsa.

"Kim-hong! Tun ina da baƙin gashi nake jiran in ga ruwa a shagon nan. Yau na gani!"

"Ka gani, sai ka tashi ka tafi!"

"Ina za ni? Ƙaro waina."

Ta ajiye robar, ta goge hannu a jikin riga, ta fasa masa ƙwai biyu.