Bidiyon da Na Tura wa Inna

Ni ɗan Damagaram ne. Na zo Sabha ta ƙasar Libiya da jaka ɗaya, na fara da dako, har Allah Ya ba ni shagon tayoyi. Ina taƙama ba a cutata a ciniki, amma ranar da na kama hayar gida a unguwar Sukra don in ɗauko iyalina na yi wauta. Mai gidan dattijo ne, ya tarbe ni da shayi da dabino yana ce mini ɗansa. Na ga tsaga a bangon falo, na ga na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki, amma kunya ta hana ni cewa a rubuta. A wurinmu ba a ƙwanƙwasa kayan babba a gabansa. Na ba shi kuɗin ajiya, muka yi musabaha.

Da na tashi bayan shekara huɗu, ya riƙe ajiyar, ya nemi ƙari, wai mu muka fasa bango muka ƙona na'ura. Ya bi kasuwa yana faɗa wa masu ba ni kaya cewa ba ni da amana, kuma wannan ya fi kuɗin ciwo. 'Yan uwa suka ce in haƙura, baƙo ba ya kai ɗan ƙasa mahkama, wato kotu. Na ce takarduna cikakku ne, zan je.

A zaman farko alƙali ya nemi shaida, ba ni da ko ɗaya. Da na kira Inna ina ba ta labari, sai ta tambaya ko gidan nan ne da na ɗauko mata a waya ranar da na shiga, har ta yi mini faɗa kan bango. Ƙanwata ta lalubo bidiyon a wayar Inna ta turo. Ga tsaga, ga kwanan wata, ga dattijon kansa yana gaishe da Inna yana alkawarin gyara na'urar. Alƙali ya kalla sau biyu, ya ce a mayar mini da kuɗina. Dattijon ya fita bai dube ni ba.

Ban yi nadamar zuwa kotu ba, kunyar ranar farko nake nadama. Ɗan uwa, in za ka kama haya, sha shayin, ka gode, sannan ka zagaya ɗaki ɗaki da wayarka, a rubuta komai mai gida ya sa hannu.