Usta Abdurradi, Mai Ɗaga Motoci a Tsakanin Kaburbura

Kullum da hantsi, Usta Abdurradi, babban makanikin unguwarmu, yakan buɗe garejinsa da ke cikin tsohuwar maƙabartar Alƙahira, inda mu rayayyu muke haya a jikin hubbaren matattu. Zai yi wa kaburburan da ke gefensa sallama ɗaya bayan ɗaya, ya ci wakensa da gurasa, sannan ya fito da jak. A makon nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun gaza.

Ba ya ɗaga mota sai ya durƙusa ya shafa ƙarƙashinta, ya gano ƙarfe mai kauri kusa da taya, wurin da aka yi domin jak. Ya sa dutse a bayan tayoyi, ya tura kututture ƙarƙashi. Idan direba ya ƙosa, sai ya nuna kaburburan ya ce, "Ɗana, maƙwabtan nan sun ishe ni. Ba na neman ƙari."

Ina wurin ranar da motar gawa ta yi faci a ƙofarsa da tsakar rana. Unguwar ta yi tsit, ko kare ba ya haushi. Direban, Sha'aban, yana sauri don masu jana'iza na jira, sai ya cusa jak ƙarƙashin falankin motar da tsatsa ta cinye, ya ɗaga, ya shige ƙasa zai kwance tayar ajiya. Usta kuwa ya ba shi baya, yana shan shayi.

Kawai sai ya saki kofin, ya ruga ya fizgo Sha'aban ta ƙafafu.

"Baba, lafiya? Za ka yaga mini wando!"

Bai rufe baki ba jak ya huda falankin, motar ta faɗo daidai inda kansa yake a da. A ciki makarar ta zame, ta bugi ƙofar baya kamar mai neman a buɗe masa. 

Usta ya kama hannun Sha'aban, ya ɗora a kan ƙarfen da ya dace. "Nan ake sa shi. Shafa, kada ka manta."

Daga baya na ce, "Usta, ƙarar ƙarfen ka ji?"

Ya ce, "Ban ji komai ba. Wani ne ya ce mini, Abdurradi, waiga."

"Wa?"

"Sha shayinka, ya huce."

Kai ne, Usta, wanda mota ba ta taɓa danne kowa a gabansa ba. Ban san wa ya kira ka ba, kuma na daina tambaya. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma masu jak a bayan mota, ku durƙusa ku nemi ƙarfen kafin ku ɗaga. 'Yar Sha'aban ta yi aure bara, Sha'aban ɗin ne ya ɗaura shi da bakinsa.