Layukan ƙasa a littafin Hakim Santino

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Hakim Santino, in dai wasiƙar da ta kawo mana labarin ba ta yi kuskure ba. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, ina fasawa. Ko yanzu ban tabbata na yi daidai ba, domin waɗanda abin ya shafa da yawa suna raye, ni ma ina cikinsu.

Santino mutumin kudu ne, ɗan Katolika, wanda aka turo ya riƙe ɗakin shan magani na ƙauyenmu, kusa da garin Hajj Abdalla. A nan duk mai ba da magani hakim ake ce masa. Ya yi shekara huɗu da mu. Ya koyi Hausa a bakin tsofaffi, har mata kan yi dariya in ya ce, "Mi ka damun ki, Inna?" Da azumi, in an shimfiɗa tabarmi a bakin hanya don buɗa baki, shi ma yakan fito da tirensa ya zauna. Ni kuwa na dawo daga jami'a a Khartum, na kama aiki a ofishin noman auduga. Muka saba, don mu biyu ne kawai masu karanta Ingilishi a ƙauyen.

Kullum bayan la'asar, in ya rufe ɗakin magani, sai ya zauna a gindin darbejiya bakin tur'a, babban magudanar da ke kai ruwa gonaki. Ya ja carbinsa mai ɗan gicciye, ya yi shiru, sannan ya buɗe wani littafi ya yi rubutu. Na taɓa tambayarsa. Ya ce wani fada, limamin cocinsu, shi ya koya masa a makarantar mishan: kafin rana ta faɗi, mutum ya bi yininsa daga farko, ya ga inda Allah ya yi masa alheri ta hannun wani, ya gode. "Kuma da suna, ustaz," in ji shi, don haka yake kira na. "In ka ce ka gode saboda mutane, ba ka tuna kowa ba."

Neman sunan nan ne ya jawo masa. Kakanninmu sun taso daga yamma da niyyar hajji, suka yada zango a nan. A lokacin da yawa cikinmu ba su da takardar zama ɗan ƙasa, kuma kowace shekara sai an yi raɗe-raɗin za a ƙwace hawasha, wato gonar haya, daga hannun wanda ba shi da takarda. Mun tashi da tsoron littafi. In ma'aikaci ya tambayi sunanka, laƙabi kake ba shi. Ga yaƙi ya yi zafi a kudu, kowa na kallon ɗan kudu a kaikaice. Sai ga hakim yana tsayar da tsohuwa a hanya: "Wadda ta aiko mini da wainar kisra jiya, mi sunanta? Ɗiyar wa ce?" Ya je ya rubuta.

Wata Juma'a bayan an sauko, Baffa Ummaru, ƙanen mahaifina kuma shehin ƙauyen, wato mai garinmu, ya aika a kira shi. Santino ya zo da littafin, ya miƙa mini da hannu biyu. Na tsaya gaban dattawa ina karantawa ina fassarawa. Godiya saboda Kulu matar Garba, da ta kawo kunu ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi. Saboda Malam Sule, da ya yarda aka yi wa 'yarsa allura. Saboda jakin Ɗanjuma, da ya kai shi kasuwa bai kayar da shi ba.

"To, ƙarya ta shiga littafin ga," in ji Ɗanjuma. "Jakina bai taɓa kai kowa ko'ina lafiya ba."

Aka yi dariya, fuskoki suka saki. Ina jin da na rufe littafin a nan, da magana ta mutu. Sai Baffa ya ce, "Ɗana, kai ne mai karatu. Kana iya dafa Alƙur'ani ka ce babu komi ciki sai wannan?"

A ƙasan kowane shafi akwai layi biyu ko uku da ba Ingilishi ba ne, da harshensu ya rubuta. Ba wanda ya lura sai ni. A watan nan kuma takarduna suna ofis ana dubawa kafin a tabbatar da ni a aiki. Na hango abin da za a ce in wani abu ya ɓullo daga baya: ɗan Fallata, kamar yadda ake kiran irinmu a nan, ya rufa wa ɗan kudu asiri. Na ce, "Baffa, abin da na iya karantawa godiya ce. Amma akwai layukan da ban san harshensu ba. Ba zan rantse a kansu ba."

Gaskiya na faɗa, kuma na yi shekaru ina lallashin kaina da haka. Baffa ya juya ya ce, "Hakim, mi ka cikinsu?" Santino ya sunkuyar da kai. "Wannan tsakanina da Allah ne, Baffa."

Kafin a gama tsinkar auduga, dattawa sun sa an rubuta takarda zuwa hukuma, an ɗauke Santino daga ƙauyen. A bakin lori ya danƙa mini littafin. "Sunayenku ne, ustaz. Ku riƙe abinku, hankalin mutane ya kwanta." Bayan shekara biyu muka ji ciwo ya ɗauke shi a wani gari can kudu inda magani ba ya isa. Ba zan ce da ya zauna da mu da yana raye ba. Ba zan kuma iya cewa a'a ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An yi sulhu a kudu, ko da yake ina jin maganganu a cikin bas na zuwa garin Managil da ke sa in ƙara shiru. Yawancinmu mun sami takarda, amma ban ga tsoron ya fita ba; ni dai har yanzu gabana na faɗuwa in aka kira cikakken sunana a ofis. Samari sun watse neman aiki, waɗanda suka rage Larabci ya fi musu sauƙi a baki. Mai yiwuwa da ya yi mamaki. Na fi zaton zai tsayar da wani ne a hanya ya tambaye shi sunansa.

Littafin ya shekara goma sha uku a ƙasan akwatina, ƙunshe cikin zane, ina tsoron wani ya gani, ina tsoron in sani. Watan jiya na kai shi birnin Madani wurin wani malamin coci mai jin harshen. Na san Santino ya ce tsakaninsa da Allah ne, kuma wataƙila na sake yi masa laifi. Malamin ya duba ya ce wannan shi ne rabi na biyu na addu'ar: bayan godiya, mutum ya faɗi inda ya gaza a yinin, ya nemi gafara. Santino ya rubuta cewa ya yi wa mara lafiya tsawa. Ya ƙosa da surutun wata tsohuwa. Ire-iren haka ne, shafi bayan shafi. Layi ɗaya kawai zan kawo, na ranar Juma'ar nan: "Na tsayar da ustaz a wuri mai wuya, alhali na san yana jin tsoro. Ka gafarta mini."

Ɗakin maganin ya rushe, darbejiyar tana nan. Inna Kulu ta tsufa, amma har yau in an yi baƙo takan gaya masa cewa an taɓa gode wa Allah saboda kununta, kuma an rubuta. Ina ganin abin da ya rage nasa ke nan a ƙauyenmu: mutanen da suka ɓoye sunansu duk rayuwarsu, rana ɗaya suka ji an kira shi a bainar jama'a kuma ba don a ƙwace musu komi ba.

Baffa Ummaru yana raye, idonsa ya tafi amma hankalinsa garau. Juma'a mai zuwa, in an sauko, zan je gabansa da dattawan da suka rage, in dafa Alƙur'ani in yi rantsuwar da ya nema. Na rubuta haka a jarida ne domin na san halina. In ban faɗa a gaban mutane ba, zan fasa.