Majigi a Siton Albasa

Ni ba ni da haƙuri, duk zangonmu na Bawku an sani. Shi ya sa da na ji an nuna ƙanwar kakata a wani ƙaton zaure a Ankara, babban birnin Gana, can bakin teku, manyan mutane suna tafi, na ce to mu fa?

Masu ɗaukar fim ne suka je Salaga suka ɗauki tsofaffi suna waƙar dakan kaɗe, ita ce mai ba da waƙa. Ba a jima ba ta rasu, ciwon ƙafa kuma ya hana Kaka zuwa ko gaisuwa. An turo mana fim ɗin a waya, na kai mata har kan hanci.

"Ke, haske kawai nake gani. Ɗauke min."

Yayana yana koyarwa a Yendi, suna da ƙungiya mai yawo da majigi ƙauye-ƙauye. Na dame shi da kira har ya ɗauko ya hau lori. Yana sauka ya ce washegari ana jiran majigin a Gushegu, dole ya bar gari kafin magariba, kafin dokar hana fitar dare da aka sa a garinmu ta kama shi. Majigi kuwa sai da duhu. Kaka ta ƙara mana aiki, ta aika wa duk matan unguwa, wai ba za ta kalli ƙanwarta ita kaɗai kamar ɓarauniya ba.

"A bari wani karon," in ji Yaya.

Wani karon? Tsohuwar da kullum idonta ƙara rufewa yake?

Na tafi kasuwa wajen kawuna mai sayar da albasa. Sitonsa ko taga babu.

"Kawu, ba ni mabuɗi."

"'Yar nan, ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni. Mabuɗi."

Ya yi dariya ya jefo min. Muka tura buhuna gefe, muka toshe ramukan kwanon rufi da tsumma, muka jawo wuta daga shagon tela, muka rataya farin zanen gado. Mata suka cika siton, har da maƙwabtanmu Kusasawa masu sayar da dawadawa. Ba a kunna komai ba kowa ya fara hawaye.

"Wannan wane irin silima ne, tun ba a fara ba ana kuka?" in ji wata.

Sai ga ƙanwar Kaka a jikin zane, ta fi ƙofa tsawo, taɓarya a hannu. Kaka ta miƙe da sandarta ta je dab da zanen, inuwarta ta rufe rabin hoton.

"Hajiya, matsa, kin tare mana!"

Ko gezau. Ta daɗe tana kallo, ta ɗora tafin hannu a kumatun ƙanwarta. Can ta ce, "Kin tsallake baiti. Tun muna yara haka kike." Sai ta ɗaga murya ta ba da baitin, mata suka amsa, wata ta kifa kwano tana kiɗa. Yaya da ke ta duban agogo ya zaro waya yana ɗauka.

Da ƙyar ya samu lorin ƙarshe. Yanzu yakan dawo da majigin idan albasa ta ragu a sito, mabuɗin ma a hannuna yake kwana.

Ranar nan, a hanyar gida Kaka ta riƙe kafaɗata ta ce, "Ashe ta yi ƙiba. Alhamdu lillahi, suna ba ta abinci."